Sydney Ringer, likitan da ruwan famfo ya tona wa asirin bugun zuciya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai amai da gudawa a asibiti, da wuya bai ga sunan Ringer a jikin ledar ƙarin ruwa ba. Sunan wani likita ne ɗan Ingila, Sydney Ringer, wanda aka haifa a Norwich a 1835, ya yi karatu da aiki a asibitin University College na Landan, ya rasu a 1910.

Tsakanin duba marasa lafiya da koyar da ɗalibai yake samun lokacin gwaji. A 1882 ya wallafa bincikensa kan zuciyar kwaɗo da aka ciro aka sa a ruwan gishiri, ta ci gaba da bugawa. Daga baya ya gano ashe ba da tataccen ruwa aka haɗa ruwan gishirin ba, da ruwan famfo ne na kamfanin New River. Wani da ya rufa wa kansa asiri. Shi kuwa sai ya sake gwajin da tataccen ruwa, zuciyar ta raunana ta tsaya. Ya bi abubuwan da ke cikin ruwan famfon ɗaya bayan ɗaya, har ya tabbatar sinadarin kalsiyam ne ke tayar da ita. A 1883 ya wallafa wannan, ya kuma bayyana kuskuren da bakinsa.

Bai rayu ya ga yadda kalsiyam ke aikin ba. Yanzu an san yana shiga ƙwayar halittar tsokar zuciya ne ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma yawansa a waje ya ninka na ciki kusan sau 10,000. In aka bar ƙofofin a buɗe, ƙwayar za ta halaka. Saboda haka akwai wani furotin a ciki, kalmodulin, wanda aka gano a 1970, yana manne da ƙofar kamar mai gadi: da zarar kalsiyam ya shigo ya kama shi, sai ya sa ƙofar ta rufe. Yaran da aka haifa da tawaya a wannan furotin kan yi fama da rikicewar bugun zuciya mai kisa. Irin waɗannan ƙofofi ne kuma, a jijiyoyin jini, maganin hawan jini amlodipine ke toshewa.

Ruwan da ke cikin ledar kuwa, likitan yara Ba'amurke Alexis Hartmann ne ya ƙara masa sinadarin laktet a shekarun 1930, aka fara ɗura wa majinyata shi a sigar da muka sani yau.