Mary Shelley, matar da ta rubuta Frankenstein

Masu karatu, yau mun kawo muku tarihin Mary Shelley, baturiyar Ingila. An haife ta a Landan a shekara ta 1797, uwarta ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta.

A 1816, a ƙasar Suwis, ruwan sama ya hana ta fita, ita da abokan zamanta, sai suka shiga gasar ƙago labarin ban tsoro. Nata shi ne Frankenstein, wanda ya fito a 1818 babu sunanta. Labarin wani ɗalibi ne mai shisshigi, da ya harhaɗa sassan gawa har abin ya motsa, sannan ya tsere ya bar shi. Rashin mai kula ya mai da halittar dodo mai kisa.

Ita kuwa Mary ba ta tsere ba. Ƴaƴanta 3 cikin 4 sun rasu suna ƙanana, mijinta ya nutse a teku a 1822. Da alƙalami ta riƙa neman abin ciyar da ɗan da ya rage, kamar yadda iyayenmu mata ke yi a rumfar kasuwa. Ta rasu a 1851.

In kun samu littafin, shawararmu ku karanta shi da rana.