Farfesa Adeoye Lambo: Likitan da Ya Nemi Damuwa a Cikin Ciwon Jiki

Mai karatu, ni ba Bahaushiya ba ce. A Agege aka haife ni, kuma a bakin wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda muke kira Inna, na fara tsintar Hausa. Tun da na yi wayo nake jin tana kukan ciwon baya da wuya. Manya sun ce abin ya faro ne ranar 27 ga Janairu, 2002, da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, aka rasa rayuka fiye da dubu. Inna na cikin waɗanda suka yi gudun ceton rai. An yi mata hoto ba a ga komai ba, amma ko tayar mota ce ta fashe a titi sai ciwon ya taso ya kwantar da ita. Neman sanin dalili ne ya kai ni ga tarihin wannan bawan Allah.

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abekuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a makarantar Baptist ta garin, ya karanta aikin likita a Jami'ar Birmingham ta Ingila, sannan ya ƙware kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Landan. Ya dawo gida a 1954, aka ba shi asibitin Aro da ke gefen Abekuta.

A wancan zamani, wanda ya sami taɓin hankali killace shi ake yi, kamar a gidan Yaba da aka buɗe a Legas tun 1907. Lambo ya tarar ba a gama ginin Aro ba. Maimakon ya zauna jira, sai ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba marasa lafiya hayar ɗaki. Kowane majinyaci zai zo da ɗan'uwansa mai yi masa girki da wanki, ya je asibiti da rana, ya kwana cikin jama'a. Bugu da ƙari, ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya, abin da likitoci da yawa ke ganin zubar da girma ne. A 1955 kuma ya rubuta maƙala inda ya soki marubutan mulkin mallaka masu cewa tunanin baƙar fata bai kai na Bature ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin awo. A 1961 ya haɗa gwiwa da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka. Suka fassara tambayoyi zuwa Yarbanci, suka bi ƙauyuka da cikin garin Abekuta suna tambayar mutane halin da jikinsu, barcinsu da tunaninsu ke ciki. Sun kuma zauna da masu magani don jin sunayen da suke ba cututtuka. Sakamakon ya fito a littafi a 1963, aka gwama shi da irin binciken da Leighton ya yi a Kanada. Sun ga cewa mutanenmu sukan bayyana damuwarsu ta hanyar jiki: ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, zafin jiki, kasala. Sun kuma rasa kalma guda ta Yarbanci da ta yi daidai da wadda Turawa ke kiran ciwon baƙin ciki da ita. A nan ne nake ganin mu ɗaliban harshe abin ya shafe mu kai tsaye, domin in fassara ta karkace, awon ma ya karkace.

Don kada in ba shi abin da ba nasa ba, Lambo bai auna alaƙar daɗaɗɗen ciwo da firgicin da ke biyo bayan bala'i ba. Sai a 1980 likitocin Amurka suka ba wannan firgici suna a kundinsu. A 2001 wasu masana biyu, Sharp da Harvey, suka bayyana yadda biyun ke ciyar da juna: ciwo na tuna wa mutum abin da ya faru, tsoro ya ɗaure jijiyoyi ya hana barci, mutum ya daina motsa jiki, ciwon ya ƙaru. Yau ciwon da ya wuce wata uku shi ake kira daɗaɗɗe. Ana sa majinyaci ya kimanta zafinsa daga 0 zuwa 10, ya amsa tambayoyi kan mugun mafarki, zabura da gudun wurin da abin ya faru, sannan a gwama makin biyun. A ganina, hanyar da Lambo ya share ce ake bi, wato a tambayi mutum da harshensa, kuma kada a raina kukan da yake yi da jikinsa.

Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, ya shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. Daga nan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta har zuwa 1988. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004.

A hutun da ya wuce na gwada awon nan a kan Inna. Na ce ta zaɓi lamba daga sifiri zuwa goma. Ta dube ni tana dafe da ƙugu, ta ce da sauƙi. Na sake tambaya, ta ce ai ta gaya mini. Har yanzu ban san a wace lamba zan rubuta wannan amsa ba.