Hanns Vischer (Ɗan Hausa) da Koyar da Sana'o'in Hannu a Makaranta

Haihuwarsa da Zuwansa Nijeriya

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekarar 1876. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, sannan ya zo Nijeriya a 1901 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS. Bai daɗe ba ya ajiye wannan aiki, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulkin Jihar Arewa a 1903, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare hamadar Sahara daga Tarabulus zuwa Barno tare da ayari. Saboda ƙwarewarsa a harshen Hausa da sanin al'adun masu shi ne aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa.

Makarantar Nasarawa

A 1908 Gwamna Girouard ya ɗora masa alhakin tsara ilimin boko a Arewa. Bayan ya zaga Masar da Sudan ya ga tsarin makarantunsu, sai ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, zamanin Sarki Abbas. Makarantar tana da sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na elemantare, da kuma na sana'a. Da Hausa ake koyarwa. Wannan ne ya sa ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa na boko a 1912, tun kafin shigowar haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) a shekarun 1930.

Sashen Sana'a

A wannan sashe an koyar da dukanci da ƙira da saƙa da ɗinki da aikin kafinta. Abin lura a nan shi ne, gwanayen sana'a na ƙasa suna cikin masu koyarwa. Ra'ayinsa shi ne a inganta abin da aka tarar a hannun jama'a, kada boko ya raba yaro da sana'ar gidansu. Ko gidan da ya zauna ginin ƙasa ne na maginan Kano, wanda har yau ake kira Gidan Ɗan Hausa, kuma ya zama gidan adana kayan tarihi.

Sai dai kada ɗalibi ya manta cewa Ɗan Hausa ma'aikacin mulkin mallaka ne. Babbar bukatar gwamnatinsa ita ce samun akawuna da ma'aikatan En'e. Ware 'ya'yan sarakuna a sashe guda, masu koyon sana'a a wani, ya ƙara ƙarfafa tunanin cewa alƙalami na masu daraja ne, guduma kuwa ta talaka ce.

Ƙarshen Rayuwarsa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka, kuma yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Ya rasu a Ingila a 1945.

Darasi ga Malami

Malamin da aka tura sakandare a Wonaka ko Tsafe ko Bunguɗu zai iya tarar da aji babu fenti babu takardar zane. Amma da wuya ya rasa maƙeri ko baduku ko mai gyartai ko mai saƙar faifai a kasuwar garin. Ya gayyace su aji, ya girmama su a matsayin malamai, ya sa ɗalibai su rubuta sunayen kayan aiki irin su zugazugi da uwar maƙera da awartaki. Duk sana'ar da ta mutu, da kalmominta take tafiya.