Vivien Thomas (1910–1985): Kafintan da Ya Buɗe Hanyar Tiyatar Zuciya ga Yara

Kafin shekarar 1944, idan aka haifi jariri da lahani a zuciya, har leɓunansa da faratansa suka riƙa yin shuɗi, babu likitan da ke da abin yi masa. Iyaye sukan koma gida da ɗansu su zuba ido. Kaɗan ne daga cikin irin waɗannan yara sukan girma, kuma ko su ɗin, 'yar tafiya takan gajiyar da su har sai sun tsuguna sun huta. Mutum uku ne suka kawo ƙarshen wannan hali a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a Amurka. Biyu daga cikinsu likitoci ne farar fata, kuma nan da nan duniya ta san sunansu. Na ukun kuwa baƙar fata ne, ɗan kafinta, jikan bawa, wanda bai taɓa zama a ajin koyon likitanci ba. Sunansa Vivien Theodore Thomas.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ranar 29 ga Agusta, 1910, a jihar Louisiana da ke kudancin Amurka. Yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa birnin Nashville a jihar Tennessee, a can kuwa ya girma. Mahaifinsa kafinta ne, ya kuma koya wa 'ya'yansa maza sana'ar bayan an tashi daga makaranta, ba tare da ya hana su karatu ba. Vivien ya gama makarantar sakandare ta Pearl a 1929 da hannu biyu a cike: ga takardar shaida, ga sana'a. Burinsa shi ne ya zama likita, ya kuwa daɗe yana ajiye kuɗin aikin hannunsa a banki domin wannan.

Bayan ya gama makaranta ya sami aikin kafinta a Jami'ar Fisk. Wata rana ya gyara daɓen katako na wani ɗaki, shugaban aikin ya duba ya ce bai yi ba, a kwance a sāke. Da ya sāke, aikin ya yi kyau, sai shugaban ya nuna masa cewa da ma zai iya yin haka tun da farko. Thomas bai manta da wannan gyara ba har ƙarshen ransa, ya kuma rubuta labarin a cikin tarihin rayuwarsa.

A ƙarshen 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, aka sallame shi daga aiki. A watan Fabrairu 1930 ya karɓi aikin mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje na wani matashin likitan fiɗa, Dokta Alfred Blalock, a Jami'ar Vanderbilt, kan dala 12 a mako. Nufinsa ya yi aikin na ɗan lokaci kafin ya tafi jami'a. Amma a cikin shekarar nan bankin da yake ajiya ya rushe, kuɗinsa suka salwanta, ƙofar makaranta kuwa ta rufe.

Shekarun Nashville

Blalock mutum ne mai basira, amma mai saurin fushi. Ba a daɗe da fara aiki ba Thomas ya yi wani kuskure, maigidansa ya rufe shi da ashar. Saurayin ya sauya tufafinsa, ya nemi a biya shi abin da yake bi, ya bayyana cewa ba a rene shi da irin wannan magana ba. Blalock ya roƙi gafara, bai kuwa ƙara yi masa haka ba cikin shekara 34 da suka yi suna aiki tare.

Binciken da suke yi a lokacin ya shafi halin da jiki yakan shiga bayan mummunan rauni, sa'ad da mutum yakan yi sanyi, bugun jini ya raunana, har rai ya fita. Likitoci da yawa suna zaton wani dafi ne yake shiga jini. Gwaje-gwajen Blalock da Thomas sun nuna cewa asarar jini da ruwan jiki ce babban dalili, magani kuwa shi ne a mayar wa jiki abin da ya rasa. Wannan sani ya ceci sojoji masu yawa a Yaƙin Duniya na Biyu.

A kan dabbobi ake yin gwaje-gwajen, kuma cikin ɗan lokaci Thomas ya iya sa musu maganin barci, ya yi fiɗa shi kaɗai, ya rubuta sakamako dalla-dalla. Ɗinke jijiyar jini da wata jijiyar aiki ne na awo da haƙuri, kamar haɗa katako biyu har a kasa ganin mahaɗarsu, hannun kafinta kuwa ya riga ya saba. Duk da haka a takardun jami'a an rubuta shi cikin masu shara, albashinsa ma na masu shara ne. A 1933 ya yi aure da Clara Flanders, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Sa'ad da wani babban asibiti a Detroit ya yi wa Blalock tayin matsayi amma ya ƙi karɓar mataimakinsa saboda launin fata, Blalock ya bar matsayin.

Jarirai masu shuɗin jiki

A 1941 aka naɗa Blalock shugaban sashen fiɗa a Johns Hopkins, Thomas kuwa ya bi shi Baltimore da iyalinsa. A can wariyar launin fata ta fi ta Nashville tsanani a gare shi. Baƙaƙen da ke aiki a asibitin masu shara ne, don haka idan ya wuce cikin farar rigar aikinsa mutane sukan tsaya suna kallonsa. Kuɗin haya ya yi masa yawa, har yakan yi aikin rarraba abin sha a liyafa da dare, wani lokaci ga likitocin da ya koyar da safe.

A 1943 Dokta Helen Taussig, likitar zuciyar yara a asibitin, ta zo wa Blalock da wata damuwa. Ita kanta kunnenta ya yi nauyi, har ta koyi jin bugun zuciyar jarirai da yatsunta. Yaranta suna mutuwa da wata cuta da likitan Faransa Étienne Fallot ya bayyana a 1888. Zuciya ɗakuna huɗu ne da ita. Ɓangaren dama yakan tura jinin da ya gama zaga jiki zuwa huhu domin ya ɗauki iskar oksijin, na hagu kuwa ya tura sabon jinin zuwa jiki. A wannan cuta lahani huɗu ne suke haɗuwa, amma biyu sun fi ɓarna: hanyar da take kai jini huhu ta tsuke, sa'an nan akwai rami a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu. Saboda haka jini yakan koma jiki bai bi ta huhu ba, shi ne kuwa yake sa shuɗin.

Taussig ta lura cewa jariran da wata 'yar jijiya ta cikin ciki ba ta rufe musu da wuri ba sukan fi samun sauƙi, gama tana ƙara kai jini huhu. Tambayarta ita ce ko likitan fiɗa zai iya gina irin wannan hanya da hannu. Tun a Nashville Blalock da Thomas sun taɓa yanke jijiyar da take bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya ta kai jini hannu, suka ɗinke ta da jijiyar huhu, domin wani bincike dabam da bai yi nasara ba. Yanzu tsohon gwajin ya sami amfani.

Aikin ya faɗo kan Thomas. Sai da ya fara haddasa wa karnuka hali mai kama da na yaran, sa'an nan ya nuna cewa sabuwar hanyar tana kawo sauƙi, ba ta kisa. Ya yi aiki a kan karnuka wajen 200. Wata karya mai suna Anna ta rayu shekaru bayan tiyatar, har aka zana hotonta aka rataye a asibitin. Da yake babu kayan aikin da suka dace da jijiyoyin jariri, shi ne ya yanke allurai ya wasa su da hannunsa, ya kuma tsara 'yan ƙarafan da za a matse jijiya da su kafin a ɗinka.

Ranar 29 ga Nuwamba, 1944

A ranar aka kawo wata yarinya, Eileen Saxon, ɗakin tiyata. Watanninta 15, nauyinta bai wuce kilo huɗu ba, tana kuwa bakin mutuwa. Blalock sau ɗaya kaɗai ya taɓa sa hannu a wannan tiyata, a kan kare, shi ma a matsayin mai taimakon Thomas. Ya ƙi farawa sai da aka kira Thomas. Doka ba ta yarda wanda ba likita ba ya taɓa majinyaci, don haka aka ajiye masa 'yar kujera a bayan kafaɗar Blalock ta dama, ya hau ya tsaya yana leƙa aikin. Jijiyoyin yarinyar sun fi na karnuka ƙanƙanta ƙwarai. Blalock yana ɗinki yana tambaya, Thomas yana amsawa a hankali, yana gyara masa idan allura ta nufi inda bai kamata ba. Da aka saki ƙarafan, jini ya bi sabuwar hanya zuwa huhu.

Eileen ta sami sauƙi har ta koma gida, amma bayan wasu watanni shuɗin ya dawo, ta rasu a 1945 bayan tiyata ta biyu. Kafin haka an yi wa wata yarinya 'yar shekara 11 da wani yaro ɗan shekara 6 tiyatar. Yaron nan tun yana kan gadon fiɗa leɓunansa suka koma ja a idon kowa. A watan Mayu 1945 Blalock da Taussig suka wallafa labarin yaran uku a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, aka kuma raɗa wa tiyatar sunansu su biyu. Ba a ambaci Thomas ba. Iyaye suka yi ta kwararowa Baltimore daga ko'ina, har cikin kamar shekara ɗaya aka yi wa yara fiye da 200 aikin, shi kuwa yana tsaye a wurinsa bayan kafaɗar Blalock.

Malamin likitoci

A 1946 Thomas ya ƙirƙiro wata dabarar kuma, ta buɗe ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama domin jariran da manyan jijiyoyinsu suka fito a juye. Da Blalock ya duba zuciyar dabbar da aka yi wa aikin, da ƙyar ya gane inda aka ɗinka, sai ya ce abin ya yi kama da aikin hannun Ubangiji. A shekarar aka ƙara masa albashi. A 1947 ya sāke neman shiga jami'a, amma da ya ga ba za a lasafta masa shekarun aikinsa ba, kuma zai kai shekara 50 kafin ya gama, ga iyali a wuyansa, sai ya haƙura.

Ya juya ga koyarwa. Matasan likitocin fiɗa na Johns Hopkins a ɗakin gwajinsa suka koyi riƙe allura da ɗinke jijiya. Cikinsu akwai Denton Cooley, wanda ya zama mashahurin likitan zuciya a Texas, da Alex Haller da Rowena Spencer, waɗanda suka ba da ransu ga tiyatar yara. Ya kuma ɗauko baƙaƙen ma'aikata daga ƙananan ayyuka ya horar da su har suka gwanance. Duk da haka, sa'ad da aka yi liyafar cikar Blalock shekara 60 a wani otal na fararen fata, ba a gayyace shi ba. Blalock ya rasu a 1964.

Almajiransa ne suka tuna da shi. Sun haɗa kuɗi aka zana hotonsa, aka rataye shi a 1971 a zaure ɗaya da na Blalock. A 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, ta kuma sa shi cikin malaman fiɗa, aikin da ya riga ya yi shekara 35 yana yi. Ya yi ritaya a 1979. Ya rasu ranar 26 ga Nuwamba, 1985, da ciwon daji, kwanaki kaɗan kafin littafin tarihinsa ya fito. A 2004 aka yi fim a kan rayuwarsa, kuma a yau likitoci da yawa suna kiran tiyatar da sunan mutum uku: Blalock, Thomas da Taussig.

Abin da ya bari

Tiyatar 1944 ba ta warkar da zuciya gaba ɗaya ba, lokaci take ba yaro ya girma. Amma ita ce ta nuna cewa za a iya taimakon zuciyar jariri da fiɗa. A 1954 aka fara gyara lahanin duka a jihar Minnesota. Yanzu akan yi cikakken gyaran tun jariri bai cika shekara ba, yawancin yaran kuwa sukan girma su yi makaranta su yi aure. Har yanzu akan gina irin hanyar Thomas da ɗan bututun roba ga jariran da ba su isa babbar tiyata ba.

Ya kamata iyaye su san alamun. A jikin baƙar fata shuɗin ya fi bayyana a harshe, da dasashi, da cikin leɓe, da farata. Jaririn da yake haki da zufa wajen shan nono, ba ya ƙara nauyi, ko yaron da yakan tsuguna bayan ɗan gudu, ba maita ba ce take damunsa, ba kuwa laifin uwarsa ba ne. A kai shi babban asibiti da wuri, likitan yara ya duba zuciyarsa.

Akwai kuma darasi ga kowane gida. Yaron da talauci ya tsayar da karatunsa bai zama abin yarwa ba, sana'ar hannun da aka koya da gaskiya kuwa ba ƙaramin gādo ba ce. Masu gida da shugabanni su ma su duba waɗanda suke tsaye a bayan kafaɗarsu, su ba su ladansu da sunansu tun suna da rai. Thomas ya jira shekara 27 daga ranar tiyatar Eileen kafin a rataye hotonsa, kuma a duk tsawon jiran nan bai rage kyan ɗinkinsa ba.