Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Fada Cyprian Michael Iwene Tansi (1903–1964)

Mafi yawan al'ummar Jihar Jigawa Musulmi ne, amma a Dutse da sauran garuruwanmu muna zaune tare da mabiya Ɗarikar Katolika, waɗanda majami'unsu suke ƙarƙashin kulawar Bishop na Kano. Ranar 20 ga watan Janairu na kowace shekara sukan yi addu'ar tunawa da Fada Tansi, ɗan Nijeriya na farko da Cocin Katolika ya ba matsayin Mai Albarka. Mun kawo tarihinsa ne domin mu san abin da maƙwabtanmu suke girmamawa, kuma domin rayuwarsa ta shafi abubuwan da suka dame mu duka, wato aure, tarbiyya, mutuncin mata da riƙon jama'ar karkara.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a shekarar 1903 a ƙauyen Igboezunu, kusa da Aguleri, a Jihar Anambra ta yanzu. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya, kuma sunan da suka raɗa masa shi ne Iwene. Yana ƙarami aka kai shi riƙo wurin dangin mahaifiyarsa, inda ya shiga makarantar mishan. An yi masa baftisma a shekarar 1912, aka sa masa suna Michael. Tun yana yaro ya rasa ganin ido ɗaya sakamakon jifa da ƙasa wajen wasa da tsaransa, amma hakan bai hana shi karatu ba. Yana ɗan shekara goma sha shida ya fara koyarwa, ya yi aiki a Onitsha, daga bisani ya zama shugaban makaranta a Aguleri.

A farkon shekarun 1920 wani babban rashi ya same shi. An zargi mahaifiyarsa da maita, aka tilasta mata shan guba, ta rasu. Duk wanda ya duba yadda ya tsaya wa mata marasa gata daga baya, zai fahimci cewa ya san zafin zalunci tun daga gidansu.

Karatu da aikin limanci

A shekarar 1925 ya bar koyarwa ya shiga makarantar horar da limaman coci da ke Igbariam, duk da cewa danginsa ba su so ba, domin suna sa ran shi zai ɗauki nauyin gida. Ranar 19 ga watan Disamba, 1937, Bishop Charles Heerey ya naɗa shi limami a Onitsha. Ya fara aiki a Nnewi, sannan ya riƙe Dunukofia daga 1940 zuwa 1945, Akpu daga 1945 zuwa 1949, da Aguleri daga 1949 zuwa 1950.

Yankunan nan ƙauyuka ne masu nisa da juna. Yakan zagaya su a ƙafa ko a kan keke, ya ci abin da talakawa suke ci, kuma abincin nasa kaɗan ne. Idan za a gina coci ko makaranta, shi ma yakan shiga kwaɓa ƙasa da buga tubali tare da jama'a, kamar yadda muke aikin gayya a nan. Haka kuma ya riƙa taimaka wa masu cutar kuturta a lokacin da mutane suke gudunsu, ya kuma ƙi amincewa da al'adar ware wasu mutane da ake kira osu, waɗanda ba a auratayya da su.

Gyaran aure da kare mata

Aikin da aka fi tunawa da shi a kai shi ne gyaran gida. A wancan zamani saurayi yakan ɗauki yarinya ya zauna da ita tun kafin a ɗaura aure a coci. Fada Tansi ya buɗe gidajen horo inda 'yan matan da aka yi wa baiko suke zama har ranar aure, suna koyon addini, girki, ɗinki, tsabta da renon yara. Ya hori mata su kare mutuncinsu, ya kuma ƙarfafa musu gwiwa su kai ƙarar masu cin zarafinsu kotu. Ya yi fito-na-fito da ƙungiyoyin dodanni da suke tsorata mata da yara.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan ba. Wasu angwaye da iyaye sun ga tsaurinsa ya yi yawa, tunda yakan raba waɗanda suka riga suka fara zama tare har sai an ɗaura musu aure. Sai dai wahalar da yake ɗora wa kansa ta fi wadda yake ɗora wa mabiyansa, shi ya sa maganarsa take da nauyi. Cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai Francis Arinze a shekarar 1941, wanda ya zama Kadinal a 1985, ya kuma shugabanci ofishin Fadar Fafaroma mai kula da tattaunawa da sauran addinai har zuwa 2002.

Zaman zuhudu da rasuwa

A shekarar 1950 bishop ɗinsa ya tura shi Ingila, zuwa gidan zuhudu na Mount Saint Bernard, domin ya koyi irin wannan rayuwa ya dawo da ita Nijeriya. A can aka sa masa suna Cyprian. Mutumin da ya saba jagorantar dubban jama'a ya koma zaman shiru, yana ƙananan ayyukan hannu cikin tsananin sanyi, har ya ɗauki alkawarin dindindin a 1956. A 1963 aka yanke shawarar kafa sabon gidan zuhudun a Kamaru maimakon Nijeriya, aka zaɓe shi ya horar da sababbin shiga. Rashin lafiya ya hana shi tafiya. Ya rasu a asibitin birnin Leicester ranar 20 ga watan Janairu, 1964. Daga baya aka dawo da ƙasusuwansa Nijeriya aka binne a Onitsha.

Ranar 22 ga watan Maris, 1998, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi a matsayin Mai Albarka a garin Oba, kusa da Onitsha. Wannan shi ne matakin ƙarshe kafin matsayin waliyyi a tsarin Katolika. A wannan ziyara kuma Fafaroman ya gana da shugabannin Musulmi a Abuja.

Kammalawa

Aƙida daban take, kowa da tasa. Amma dagaci, mai unguwa, kansila ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a jiharmu zai iya tambayar kansa sau nawa yake taka ƙafarsa zuwa ƙauyen da ya fi nisa a yankinsa, kuma ina bazawara, marainiya ko mai cutar kuturta za su kai kukansu a saurare su. Fada Tansi ya je irin waɗannan ƙauyuka da kansa, ya saurari irin waɗannan mutane, kuma da wannan ake tunawa da shi fiye da shekara sittin bayan rasuwarsa.