Kaocen: Ɗan Damargu da ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadez

An haifi Kaocen ag Mohammed wajen shekarar 1880 a ƙasar Damargu, yankin da ya ƙunshi Tanout da Belbeji a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ya fito ne daga manyan gidajen Ikazkazan, Abzinawan da ke da faɗa a ji a kan hanyar ayari tsakanin Kano da Tarabulus.

Zuwan Faransawa ya raba Abzinawa da iko a kan wannan hanya, ga kuma haraji da ƙwacen raƙuma. Kaocen ya yi ƙaura zuwa gabas, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, daga baya ya samu bindigogi a Fezzan da ke kudancin Libiya.

A watan Disamban 1916 ya shiga Agadez da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama, ya yi wa barikin sojan Faransa ƙawanya. Sai a watan Maris na 1917 dakarun da suka taso daga Zinder suka karya ƙawanyar, tare da taimakon Turawan Ingila daga Najeriya.

Ramuwar gayyar ta yi muni. An kashe malamai da dama a Agadez, dubban mutane kuma suka bar Abzin zuwa Damargu da ƙasashen Kano, Katsina da Sakkwato, inda wasu daga zuriyarsu suke har yau.

An rataye Kaocen a Murzuk a watan Janairun 1919. Tegama kuwa ya rasu a kurkukun Zinder a 1920.