Edgar Codd, Mutumin da Ya Jera Bayanai a Tebur

Lokacin da nake SIWES, wurin da aka tura ni suka kwashe rumbun bayanansu daga MySQL zuwa PostgreSQL. Ranar farko na nemi sunan wani ma'aikaci da ƙananan haruffa, allo ya fito wayam, alhali a tsohon tsarin yakan fito. Na koma ɗakinmu a Hanwa raina a ɓace, ina ganin duk karatuna ya tashi a banza. A daren nan na ci karo da tarihin Edgar Codd.

An haife shi a 1923 a tsibirin Portland, kudancin Ingila. Ya karanta lissafi a Jami'ar Oxford, ya tuƙa jirgin sama a yaƙin duniya na biyu, sannan ya ƙaura Amurka a 1948 ya kama aiki da IBM.

A wancan zamani, in kana son ciro bayani daga kwamfuta, sai ka san hanyar da aka bi aka ajiye shi, kamar mai neman gida a lungunan birnin Zariya. Da an sauya ma'ajiya, manhajar da aka rubuta sai ta rikice. A 1970 Codd ya fitar da maƙalar da ta kawo mafita: a jera bayanai a tebur mai layuka da ginshiƙai, a haɗa tebur da tebur ta makulli. Kai dai ka faɗi abin da kake so, inji ya nemo hanya.

IBM ta yi jan ƙafa, don tana cin riba da tsohon tsarinta, IMS. Codd bai haƙura ba, ya riƙa yi wa abokan cinikin kamfanin bayani har suka matsa lamba. Daga aikin System R aka sami harshen SQL, amma Oracle ta riga IBM shiga kasuwa a 1979. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma, Michael Stonebraker da abokan aikinsa suka gina Ingres, daga baya Postgres, kakan wannan da ya hana ni barci. Codd ya sami lambar yabo ta Turing a 1981, ya rasu a Florida a 2003 yana da shekara 79.

Ashe MySQL da PostgreSQL 'yan gida ɗaya ne. Tebur da makullan da na sani suna nan daram. Matsalata kawai, PostgreSQL yana bambance babban harafi da ƙarami, na sa ILIKE a madadin LIKE, sunan ya fito.

'Yan ajinmu masu aikin kammala karatu, in za ku koya wa wani sabon tsari, ku fara nuna masa abin da bai sauya ba. Bayan nan ku rubuta masa bambance-bambancen a takarda ɗaya, ya gwada su a kwafi kafin ya taɓa bayanan gaske.